WA ZAI NEMI WANI, ƊALIBI KO MAKARANTA?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, tambayar da za mu duba a wannan mako ita ce: idan makaranta tana nan a buɗe, ɗalibi kuwa bai zo ba, wa Allah zai tambaya? Shin ɗalibin ne ya yi sakaci, ko kuwa akwai haƙƙi a kan makarantar ta tashi ta je nemansa?

A ƙasashen Turawa wannan magana ta zama babba, domin haihuwa ta ragu, jami'o'in Gwamnati na lardi suna da kujeru babu masu zama. A Jihar Pennsylvania ta Amurka, sai da aka haɗe jami'o'in Gwamnati shida suka koma biyu a shekarar 1922 ta miladiyya da ƙarin ɗari, watau 2022, saboda ƙarancin ɗalibai. Mu a nan Nijeriya abin ya sha bamban. Yara fiye da miliyan ɗaya da rabi ke zaman jarrabawar JAMB kowace shekara, gurbi kuwa ba ya isa. Saboda haka shugaban jami'a yana iya duba ɗakunan karatu ya gan su maƙil, hankalinsa ya kwanta, alhali kuwa akwai garuruwa a cikin jiharsa waɗanda 'ya'yansu suka daina zuwa, kuma cunkoson nan ya hana a lura da rashinsu.

Mu ɗauki Tabanni misali. Tabanni ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma sha ɗaya na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, tana ɓangaren gabas tare da su Kuyello da Kutemeshi da Dogon Dawa. Ƙasa ce ta noma, mai albarkar masara da dawa, amma shekaru masu yawa 'yan bindigar daji suka addabe ta, suka hana gona, suka hana kasuwa, suka tare hanya. Makaranta ma ba ta tsira ba. A watan Maris na 2021 an sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama a cikin Birnin Gwari, a cikin watan nan kuma aka kwashe ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka. A watan Afrilu na shekarar aka shiga Jami'ar Greenfield, aka kashe ɗalibai biyar daga cikin waɗanda aka kama. Ran 7 ga Maris, 2024, aka kwashe yaran makarantar Kuriga, wadda ke kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, daga baya aka sako 137. Uban da ya ji waɗannan labarai, in ya riƙe ɗansa a gida, ba za a ce masa maƙiyin ilmi ba.

A watan Mayu na 2024 Gwamna Uba Sani ya bayyana cewa yawan 'yan firamare a Jihar Kaduna ya faɗo daga wajen miliyan 2.1 a zangon karatu na 2021/2022 zuwa wajen miliyan 1.7 a zangon 2022/2023, ya kuma ce za a haɗe makarantu 359 na wuraren da ke da hatsari da wasu na wurare masu aminci. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Yaron da ya bar aji huɗu a 2021, kamata ya yi ya buga ƙofar jami'a wajen 2029 ko 2030. Ba zai zo ba, kuma babu wanda zai rubuta sunansa a cikin waɗanda suka faɗi, domin ko jarrabawar bai zauna ba. Wanda ya daure ya gama sakandare kuwa, ana bukatar ya kawo kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ya yi lambar katin ɗan ƙasa, sa'an nan ya tafi birni ya zauna gaban kwamfuta, wadda mai yiwuwa ran nan ne zai fara taɓa ta.

To, me addini ya ce? Akwai magana biyu, kowace da hujjarta.

Ta farko ita ce ilmi abu ne mai daraja, shi ake zuwa wa. Malamai sun ruwaito cewa Halifa Haruna Rashid ya nemi Imamu Malik ya zo masauƙinsa ya karantar da 'ya'yansa, Imamu ya ƙi, ya nuna masa cewa mai son ilmi shi ke takowa. Kakanninmu ma haka suka yi. Sun taka da ƙafa zuwa Katsina da Zazzau da Barno, sun kwana a zaure, sun ci ƙanzo, domin su samu karatu. Aya ta 122 ta Suratut Tauba kuma ta yi umurni da cewa wani sashe daga kowace jama'a su fita neman fahimtar addini, domin su dawo su yi wa mutanensu gargaɗi. Bisa wannan, nauyin fita yana kan ɗalibi da danginsa.

Ta biyu ita ce ilmi amana ne a wuyan mai shi, wajibi ne ya isar da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai jira mutanen Madina su zo Makka ɗaukar karatu ba, Mus'abu ɗan Umairu ya aika musu. Ya aika Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman. Bayan yaƙin Badar, fursunan da ya iya rubutu kuma ba shi da abin fansa, fansarsa ita ce ya koya wa yara goma na Madina rubutu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekaru yana yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara tun kafin jihadi. 'Yarsa Nana Asma'u, da ta ga matan ƙauye ba su iya barin gidajensu, sai ta naɗa jajis, ta karantar da su, su kuma suka riƙa kai karatun ƙauye ƙauye, shi ne tsarin da ake kira 'Yan Taru.

Idan aka lura, maganganun nan biyu ba su yi karo da juna ba. Wanda Imamu Malik ya ƙi zuwa wurinsa sarki ne mai doki da dukiya, babu abin da ya hana shi takowa sai girman mulki. Waɗanda Manzon Allah ya aika wa malamai kuwa, nisa ne ko rashin hali ya tsare su. Hukuncin yana bin hali. Mai iko a ce masa ya zo, wanda aka tsare a je masa. Ɗan Tabanni da hanya ta gagare shi, aka rufe makarantarsa, aka cinye dukiyar ubansa wajen biyan kuɗin fansa, lalle yana cikin kashi na biyu.

Kada wani ya ce ai wannan duk maganar karatun addini ce, ba ta shafi jami'a ba. Imamu Gazali a cikin Ihya'u Ulumid Din ya lissafta likitanci da lissafi a cikin farillan kifaya, watau abin da in wasu sun ɗauke ya faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bari, duka an yi laifi. Garin da mace za ta mutu wajen haihuwa domin babu ungozoma mai ilmi, ko yara su zauna babu malamin lissafi, farillar nan ba ta faɗi a kansa ba. Kuma sanannen abu ne cewa baƙon ma'aikaci ba ya daɗewa a wurin tsoro. Ɗan gari shi ke zama, domin a nan uwarsa take. Saboda haka duk ɗalibin da aka rasa daga Tabanni yau, likita ko malami ko malamin gona ne aka rasa wa Tabanni nan da shekara goma.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban tsoro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekarar 2022 labarai sun yi ta fitowa cewa 'yan ƙungiyar Ansaru suna shiga ƙauyukan gabashin Birnin Gwari suna wa'azi, suna jan samari. Su ba su jira a cika takarda a kawo musu ba, da ƙafarsu suka je. Idan mai ɓata yana takawa har ƙofar gida, mai gyara kuwa yana zaune a ofis yana jiran a zo, to kada a yi mamakin wanda ya samu yaran.

Amma a yi adalci ga malamai. Ba a tura mutum ga halaka. A shekara ta huɗu bayan Hijira, Manzon Allah ya aika makaranta Alƙur'ani wajen saba'in zuwa Najadu, bayan wani shugaba ya ɗauki alkawarin kare su, aka yi musu yaudara aka kashe su a Bi'iru Ma'una, kuma baƙin cikin da ya yi a kansu sananne ne. Darasin shi ne tsaron hanya yana gaba da aika malami, wannan kuwa nauyin Hukuma ne. A watan Nuwamba na 2024 an yi sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe. Allah Ya ɗorar da zaman lafiya. Sai dai in an ƙirga motocin shanu da na hatsi da suka koma hanya, ya kamata a ƙirga yaran da suka koma aji.

Sa'an nan a gyara niyya. Jami'ar da ke farautar ɗalibai domin kuɗin makaranta kaɗai, ciniki take yi, kuma ɗan talaka ba zai shiga lissafinta ba. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, da dukiyar jama'ar jihar duka aka gina ta, har da ta manoman Birnin Gwari. A 2021 an ɗaga kuɗinta zuwa Naira 150,000 ga mafi sauƙin fanni, a 2023 aka rage zuwa Naira 105,000. Ragin abin godiya ne, amma ga gidan da ya yi damina uku bai yi noma ba, har yanzu dutse ne. Akwai bashin karatu na Gwamnatin Tarayya, NELFUND, wanda aka fara a 2024, babu ruwa a cikinsa, sai dai ta intanet ake nemansa, kuma sai wanda ya riga ya samu gurbi. Wa zai kai wa ɗan ƙauye wannan labari in ba a je ba?

Ga iyaye kuma, mun san wasu suna cewa ga masu digiri nan suna yawo babu aiki, gara yaro ya tafi haƙar zinariya ya kawo na cefane. Rashin aikin gaskiya ne. Amma ramin zinariya yana rufta wa mutum, yana kuma ƙarewa, wanda ya iya duba mara lafiya ko ya iya karantarwa kuwa, abinsa yana tare da shi duk inda gudun hijira ya kai shi. 'Ya'ya mata ma suna da wannan haƙƙi, domin matanmu sun fi son mace ta duba su.

Abin yi a bayyane yake. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda Sardauna ya kafa a 1962 domin 'ya'yan Arewa, tana da makarantar share fage a Funtuwa, kusa da gabashin Birnin Gwari. Ita da Jami'ar Jiha su aika wakilai wurin Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari da hakimai da limamai, a bi mazaɓa mazaɓa a rubuta sunayen waɗanda karatunsu ya yanke, a ware musu gurbin share fage da wurin kwana. Masu hali su tuna cewa malamai da yawa sun halatta a ba ɗalibi matalauci zakka, su kuma tuna cewa tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina wa ɗalibansu masauki a birnin Alƙahira. Waɗanda suka yi karatu daga cikin 'yan ƙasar su koma lokacin hutu su koya wa ƙannensu jarrabawa. Ɗalibi kuma, in an buɗe masa hanya, uzurinsa ya ƙare, sai ya ɗaura ɗamara ya tako.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da 'ya'yanmu makarantunsu cikin aminci. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.