Ɗorin Tunani

Ɗana, ka san yadda ake kawo masu karaya Aliero daga nesa, kuma ba wanda ke jin kunyar a ga ƙafarsa ɗaure da kara. To, don me idan tunani ne ya goce sai mu ja ƙofa mu yi shiru?

Ga ƙanenka ya daina shiga kasuwar Jega. Wai dariyar 'yan kabu-kabu da shi ake yi, wai an sa masa wani abu a tuwo. Kada ka yi masa dariya. Kada kuma ka ce lallai jifa ne, ka nuna masa gidan maƙwabci. Ka zuba wa wuta fetur ke nan. Gardama ma ba ta fitar da shi, sai dai ya lissafa ka cikin maƙiyansa.

Abin da ya kan ɓace mana shi ne, kafin yaro ya yarda ana farautarsa, sau da yawa ya riga ya yarda shi ba kowa ba ne. Wanda ya raina kansa, kowane kallo zagi ne a wurinsa. Rashin barci da saƙe-saƙen dare su ƙara, wiwi kuma, in yana sha, ta ƙarasa.

Akwai magani na zama da magana. Tun 1952 wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya ba da labarin yadda ya bi da mai irin wannan zargi ta hanyar tambaya. Likita ba ya ƙaryata shi. Sai ya ce: mece ce shaidarka? Ko dariyar tana da wata fassara? Je ka kasuwa minti 10, ka dawo ka gaya mini abin da ya faru. A gyara barci, a tuna masa abin da ya iya. A 2021 Daniel Freeman da abokan aikinsa a Oxford suka gwada irin wannan, wajen rabin marasa lafiyan suka rabu da zargin.

Ka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato. Idan an ba shi ƙwaya, ka tabbata yana sha, addu'a kuma ba a fasa ba. Lokacin cirar albasa ka ɗauke shi gona, ka damƙa masa lissafin buhuna, in ya yi daidai ka faɗa a gaban mutane.