Wanda Ya Sake Faɗuwa, Jimirinsa Ya Ƙare Ke Nan?

Akwai tambayar da akan yi mana bayan Misa, galibi daga bakin uwa ko matar aure, da murya ƙasa-ƙasa: "Fada, ya yi alkawari ya bar sha, ya yi wata huɗu, ga shi ya koma. Akwai sauran amfanin yi masa addu'a?" A dā burkutu da giyar kwalba ake nufi. Daga baya sai ga tramadol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018. Abin sha ya sāke, tambayar kuwa tana nan yadda take. Bari mu amsa ta da labarin mutum biyu waɗanda Ikilisiya take girmamawa.

Na farko Matt Talbot ne, lebura a Dublin ta ƙasar Ailan, ƙasar da Fada-Fada da yawa suka fito suka kawo mana bishara a Arewa. An haife shi a 1856, ya soma sha yana ɗan shekara 12. Ya sha albashinsa, ya jinginar da takalmansa ya sha. Wata rana a 1884 ya tsaya a ƙofar gidan giya ba ko kwabo, yana jiran abokai su saya masa, suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Ya koma gida ya gaya wa mahaifiyarsa zai bari, ya je wurin firist ya ɗauki alkawari. Mu lura, na wata uku kaɗai ya fara ɗauka, daga baya ne ya ƙara har ya zama na dukan rai. Shekarun farko sun yi masa zafi ƙwarai. Kowace asuba yana Misa, lokacin da a dā yake kashewa a gidan giya ya mai da shi na addu'a, ya kuma bi waɗanda yake riƙe da bashinsu ya biya. Shekara 41 bai ƙara sha ba, har ya faɗi ya mutu a kan hanyar zuwa Misa ranar 7 ga Yuni, 1925.

Wannan labari muna son sa, domin ya ƙare yadda zuciya take so. Na biyun ya fi wuyar ji.

Markus Ji Tianxiang likita ne a ƙasar Sin, mai yi wa matalauta magani kyauta. Ciwon ciki ya kama shi, ya yi wa kansa magani da ofiyom, sai maganin ya zama ubangidansa. Ya riƙa zuwa furta zunubi, yana faɗin abu ɗaya, yana komawa. Firist ya ɗauka ba shi da niyyar tuba ta gaskiya, ya ce kada ya dawo sai ya bari. Kusan shekara 30 bai karɓi Jiki da Jinin Ubangiji ba. Amma bai daina zuwa coci ba, bai daina addu'a ba. A 1900, lokacin boren 'yan Boksa da aka karkashe Kirista, aka kama shi da iyalinsa. Ya ƙi musun bangaskiyarsa, ya roƙa a kashe shi a ƙarshe domin kada wani daga cikin nasa ya mutu ba mai ƙarfafa shi. Har ranar nan bai rabu da ofiyom ba. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa shi cikin waliyyai ranar 1 ga Oktoba, 2000, tare da sauran shahidan ƙasar Sin.

To, a cikin su biyun wa ya jimre? In jimiri shi ne kada mutum ya ƙara faɗuwa, Talbot ne kaɗai. Amma mu a ganinmu abu ɗaya suka riƙe: kowannensu ya ƙi yarda cewa faɗuwarsa ta fi jinƙan Allah girma. Ɗaya an ba shi warkarwa a nan duniya, ɗayan an ba shi ƙarfin dawowa ƙofa kullum ko da an rufe masa ita. Manzo Bulus, a cikin Romawa sura 7, ya yi kukan mutumin da nufinsa yake gabas aikinsa yake yamma, kuma a wurin Yesu Almasihu ya nemi mafita.

Kada wani ya ji wannan ya ce Fada ya ba shi izini. Shaye-shaye yana cinye kuɗin makarantar yara, yana sa a bugi mace, yana kashewa. Katikisman Ikilisiyar Katolika ya kira shan miyagun ƙwayoyi babban laifi a sakin layi na 2291. Amma a na 1735 ya koyar cewa sabo da tsoro da halin da ƙwaƙwalwa take ciki suna iya rage nauyin laifin mutum. Markus bai taɓa kiran ɗaurinsa 'yanci ba, yana ƙin sa yana yaƙi da shi. Wanda ya zauna a gindin tukunya yana cewa "ai Allah mai gafara ne" bai kama hanyarsa ba.

Mu firistoci ma labarin nan ya kamata ya sa mu rawar jiki. Wancan firist bai san abin da likitoci suka sani yau ba, cewa jaraba tana canza aikin ƙwaƙwalwa, komawa bayan an bari kuwa abu ne da yakan sami masu jinya da yawa. Mu ba mu da wannan uzuri. Haka nan jama'a: in mashayi ya shigo coci muka matsa gefe muna toshe hanci, mun taya gidan giya aiki, domin can ba a ƙyamar kowa sai marar kuɗi.

Saboda haka ga uwar da ta yi tambaya muna cewa, Mama, wata huɗun nan ba su ɓace ba, ya ɗanɗani yadda rai yake ba maye. A ci gaba da addu'a, a kuma kai shi asibiti, domin wanda ya daɗe yana shan giya da yawa in ya yanke farat ɗaya yana iya kamuwa da rawar jiki da farfaɗiya, har rai ya salwanta. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana cikin wuraren da ake wannan jinya. Kada a ba shi kuɗi a hannu ranar kasuwa. In dukansa ya kai ga mata da yara, a fara tsare su tukuna, wannan ba rashin ƙauna ba ne. Shi kuwa, in alkawarin dukan rai ya fi ƙarfinsa, ya zo ya ɗauki na wata uku. In wata uku ya yi yawa, ya ɗauki na mako ɗaya, ranar Lahadi mai zuwa mu sake zama da shi bayan Misa.