Haƙƙin da Ba a San Ƙofar Mai Shi Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai tambayar da ta kamata muridi ya yi wa kansa: wanda ya ci haƙƙin mutum ɗaya ya san gidan da zai je neman yafiya, to wanda ya ci haƙƙin jama'a, ƙofar wa zai buga?

Mu ɗauki dajin Takeita, a ƙaramar hukumar Garagumsa, yamma da birnin Damagaram. Tun zamanin Faransawa aka keɓe shi gandun gwamnati, faɗinsa hekta 6,720. Manomi yana ganin ƙasar noma da aka hana shi alhali iyalinsa na ƙaruwa. Bafulatani da Buzu suna ganin makiyayar da ta rage musu bayan gonaki sun cinye burtali. Mace tana neman itacen girki, mai magani yana neman saiwa, jami'in gandun daji yana riƙe da doka. Kowannensu yana da hujja, kuma yawancinsu buƙata ce ta kawo su.

Shari'a ta yi magana a kan irin wannan. Ya zo a hadisi cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Sayyidina Umar kuma ya keɓe makiyaya, ya umarci mai tsaronta, Hunayyu, ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga, ya tsare garken mawadata irin su Usmanu ɗan Affan da Abdurrahman ɗan Aufu, domin su suna da gonakin komawa, talaka kuwa ba shi da. Ashe keɓe daji halas ne idan maslaha ta nema, amma mai rauni ake fara dubawa.

Sai dai doka ita kaɗai ba ta tsare itace. Ana ba da labarin tsananin hukuncin Sarkin Damagaram Tanimun a kan mai sare gawo. Daga baya dokar gandun daji ta mai da itatuwa na gwamnati, mutane da yawa suka ɗauke su dukiyar da ba ta da mai ita. A 1995 ƙungiyar SOS Sahel ta fara aiki a Takeita, aka zaunar da ƙauyukan kewaye tare da makiyayan da ke zuwa daga nesa, har aka kafa ƙungiyar Ku Taya Ni don kula da dajin. Abin lura shi ne an nemi jin muryar wanda ba mazauni ba.

Nan ne aikinmu yake. Wanda ya tsallaka iyaka da gatari cikin dare, ya taɓa rabon makiyayin da bai iso ba tukuna, da bazawarar da za ta ƙara tafiya neman kirare, da jikan da ba a haifa ba. Ba ya iya ƙirga su, balle ya roƙe su. Shehunnanmu sun koyar da cewa tuba daga haƙƙin bayi ba ta cika sai an mayar da haƙƙin. Don haka tsentseni a dukiyar jama'a ya fi zama wajibi.

Muraƙaba ba ta ƙarewa da naɗe farin ƙyallen wazifa. Wanda ya san Allah yana ganinsa a zawiyya, ya san yana ganinsa a tsakiyar daji. Idan larura ta kai ka, ɗebi busasshe gwargwadon buƙata. Idan ka riga ka yi ɓarna, ka raya tohon gawo a gonarka, ka buɗe burtalin da ka toshe. Idan an kira taro a kan dajin, ka je, ka yi magana a madadin wanda ba ya nan.

Allah ya raba mu da haƙƙin bayinsa, ya yafe mana wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Amin.