Iyakar Tattali da Rowa a Cefanen Gida

Malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan cewa nafaƙa, wato ciyar da iyali da tufatar da su da ba su muhalli, wajibi ce a kan miji, sai dai malaman Malikiyya, waɗanda mazhabarsu ce aka fi bi a Kano, ba su yanke wani adadi guda da zai dace da kowane gida ba. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda almajiran ilimi suka daɗe suna karantawa a zaurukan birni, ya rataya ma'aunin ne a kan al'ada, da ƙarfin miji, da halin matar, da garin da ake zaune, da kuma farashin kaya. Ambaton farashi a nan yana nufin cewa kuɗin cefanen da suka wadatar bara suna iya zama tauye haƙƙi bana, ko da maigida bai rage ko kwabo daga cikinsu ba. Daga nan tambayar take tasowa: idan tsada ta tilasta wa gida ragewa, a ina tattali yake ƙarewa, rowa ta fara?

Tambayar ta fi fitowa fili a Fagge da Sabon Gari, domin unguwanni ne da kasuwa ta haifa, kuma galibin mazaunansu ba su da rumbu, da awo suke ci. Fagge zango ce ta fataken da ke ratso Sahara tun kafin zuwan Turawa, Sabon Gari kuwa ta bunƙasa ne bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, lokacin da aka keɓe ta domin baƙin da suka zo daga kudu da sauran wurare. A tsakaninsu ne ake samun kasuwar Singa, inda ake sarin shinkafa da sukari da fulawa da taliya, da kasuwar Sabon Gari mai ɗauke da sunan Muhammad Abubakar Rimi, da 'Yankura ta masu kayan miya. Kusanci da kasuwa bai kare kowa daga tsada ba, musamman bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ɗaga kuɗin dakon kaya, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa.

Alƙur'ani ya ajiye ciyarwa a tsakanin gefe biyu. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta halatta ci da sha ta hana israfi, wato wuce iyaka a cikin abin da asalinsa halal ne, aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi masu bin tsakatsaki tsakanin ɓarna da ƙuntatawa, aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta ɗora wa kowa gwargwadon abin da aka hore masa. Wa'azi ya fi karkata ga gefen israfi, mai yiwuwa saboda shi ne ido yake gani, kamar shinkafar biki da ake zubarwa a kwata. Ƙuntatawa kuwa a cikin gida take faruwa, kuma kunya takan hana a faɗe ta. Amma hadisin Hindu 'yar Utba, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa shari'a ba ta ɗauke ta ƙaramin abu ba, domin da ta kai ƙarar maƙon mijinta Abu Sufyan, Annabi (SAW) ya yi mata izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon abin da aka saba.

Tattali na gaskiya ilimi ne, kuma yawancinsa a hannun mata yake. Matar da ta san cewa tumatirin noman rani na Kadawa da Kura yana araha a lokacin sanyi yana tsada da damina, ita ce take yanka shi ta shanya kauɗa, ta tanadi busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa, ta yadda miya ba za ta dogara da farashin ranar ba. Ita ce ta san cewa wake da awara da ƙuli-ƙuli suna cike gurbin nama wajen gina jiki, cewa garau-garau da ɗanwake da dambun zogale abinci ne cikakku ba alamar talauci ba, cewa jiƙa wake kafin a ɗora shi yana rage cin gawayi ko gas, kuma tuwon dare ba ya zama asara matuƙar akwai ɗumame. Zaman tare da Yarbawa da Inyamurai a Sabon Gari ya ƙara faɗaɗa wannan ilimi, domin teba da miyar agushi da busasshen kifi sun daɗe da shiga tukunyar Bahaushiya. Duk wannan ragi ne na kuɗi ba tare da ragin ƙoshi ba, kuma a nan ne alamar farko mai raba tattali da rowa take.

Akwai masu ganin cewa sayen buhu a ajiye ya saɓa wa tawakkali, ko kuma ya yi kama da ihtikari, wato ɓoye abinci domin ya yi tsada, wanda hadisi ya hana. Wannan fahimta ba ta da ƙarfi, domin ya tabbata a Buhari cewa Annabi (SAW) yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Abin da aka hana shi ne janye kaya daga kasuwa a lokacin da jama'a suke buƙata, irin zargin da ya sa hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a Dawanau a watan Fabrairun 2024. Abin takaicin shi ne, mai ƙaramin ƙarfi, wanda ya fi kowa buƙatar rahusar sari, shi ne ba ya samunta, domin mai sayen ƙullin mai da gwangwanin shinkafa kullum yana biya fiye da mai ɗaukar jarka da buhu. Saboda haka haɗa kuɗi tsakanin maƙwabta a sayi buhu a raba da kwano, kamar yadda ake watandar sa da Sallah, ya fi kusa da manufar shari'a fiye da yi wa talaka nasihar ya rage ci.

Alama ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi, ita ce wanda ragin ya faɗa wa. Magidancin da ya bar kuɗin cefane yadda suke shekara biyu da suka wuce, alhali shi yana karyawa da ƙwai a teburin mai shayi, ya tsaya wurin mai tsire da dare, bai rage kashewa ba, ya dai mayar da yunwar kan waɗanda ba sa fita. Sau da yawa matar ce take cike giɓin daga ribar sana'arta ko adashinta, abin da yake kyauta ce daga gare ta idan ta yi da yardarta, amma ba ya sauke wajibin daga wuyan mijin. Hakanan uwargidan da ta matse abincin yara domin ta tara kuɗin anko ta faɗa cikin irin wannan kuskure ta wata ƙofa. Wanda ba shi da shi ba a kiransa marowaci, kuma ayar Suratuɗ Ɗalaƙ ta riga ta ɗauke masa abin da ya fi ƙarfinsa. Amma wanda yake da hali, ya san farashin Singa da 'Yankura sarai domin ta nan yake bi kullum, sannan ya ƙi daidaita cefanen gidansa da shi, ya tauye haƙƙin da matarsa take da ikon nema a gaban alƙali.