Kyauta Daga Cikin Guzuri

Dukkanmu mun san irin wannan dare a ɗakin kwanan ɗalibai. An ɗauke wuta tun magariba, wani daga cikinmu yana zaune gaban kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka yana fama da kundin digiri da sauran cajin da ya rage masa. Sai ga abokinsa ya shigo da waya a hannu tana shirin mutuwa, alhali kuwa yana jiran kira daga gida domin an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, ya ce: "Don Allah ɗan'uwa, ɗan sa mini a jikin kwamfutarka." Tambayar da muke son dubawa ita ce, mene ne haƙƙin da ke kan kowannensu?

Da farko, ya kamata mu san abin da ake roƙa. Kwamfutar da ke jone da wutar bango ba ta rasa kome idan ta ba waya, domin kuwa isarwa kawai take yi. Amma da zarar an ɗauke wuta, duk abin da ta bayar daga guzurinta ya fito. Batirin irin wannan kwamfuta yakan ninka na waya sau uku ko huɗu ne kawai, saboda haka cika waya ɗaya yana iya cinye kusan rubu'in lokacin da ya rage wa mai rubutu. Ashe ba wuta kaɗai aka roƙe shi ba, har da wani yanki na aikinsa.

Waɗanda suka tsara kafar USB, wadda ta fito a 1996, sun yi mata ƙa'ida mai ban sha'awa. A tsarin da ya zo a shekarar 2000, na'urar da aka jona ba ta da izinin jan fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da kafar ke iya bayarwa, sai ta gabatar da kanta ta faɗi bukatarta. Ko an amince mata, iyakarta wat 2.5, wanda aka ɗaga zuwa wat 4.5 a tsarin 2008, alhali cajar bango takan ba da wat 10 zuwa sama. Shi ya sa cajin ke tafiyar hawainiya a irin waɗannan kafofi. Baƙo ya yi sallama, mai gida ya ba shi gwargwadon ƙarfinsa, ba wanda ya kwashe tukunya.

A ganinmu, nan amsar take. Mai kwamfuta ba shi da hujjar hanawa ƙememe, domin minti goma sha biyar na caji yakan isa a amsa kira, kuma shafin kundi ana iya rubuta shi gobe, labarin uwa kuwa ba ya jira. Shi kuma mai waya haƙƙinsa bukata ce, ba cikawa ba. Idan ya samu abin da zai riƙe shi zuwa safiya, mutunci ya ce ya zare igiyarsa tun ba a roƙe shi ba, kuma kada ya kira wasu su biyo layi, tun da in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Har ila yau akwai batun amana. Igiyar da ke ɗauke da wuta ita ce ke ɗauke da bayanai, don haka wanda aka miƙa wa waya bai dace ya leƙa hotuna da takardun da ke cikinta ba. Taimako ba ya sayen sirrin wanda aka taimaka wa.

Mu da muke karatu nesa da gida, yau kai ne mai kwamfuta, gobe kai ne mai waya. Allah Ya ba mu hannun bayarwa, Ya kuma ba mu kunyar sanin lokacin zare igiya.