Kwanon Gwauruwa da Ɗayantakar Masu Bi

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7, Yahaya 17:20-23



Da za a tambaye ka abin da ya fara kawo gunaguni tsakanin masu bi a Urushalima, me za ka ce? Wataƙila ka ce koyarwar ƙarya ce, ko kuwa neman shugabanci. Amma Littafi Mai Tsarki ya nuna mana cewa rabon abinci ne. Ikkilisiyar da ta ga saukowar Ruhu Mai Tsarki, wadda mutum wajen 3,000 suka shige ta rana ɗaya, ita ce ta kusa rabuwa biyu a kan kwanon gwauruwa.

Ga yadda abin ya faru. Masu bi na farko Yahudawa ne, amma kashi biyu suke. Akwai 'yan gida, masu magana da harshen ƙasar. Akwai kuma waɗanda suka tashi a wasu ƙasashe, harshen Helenanci ne a bakinsu. Ikkilisiya takan raba wa gwauraye mata abinci kowace rana. Da jama'a ta yi yawa, sai masu Helenanci suka ga ana tsallake nasu gwaurayen. Luka bai ce da gangan aka yi ba. Mai rabo yakan tuna da tsohuwar unguwarsu, wadda ya san 'ya'yanta, wadda suke gaisawa da harshe ɗaya. Baƙuwa kuwa, wadda ba ta da dangi a kusa, ita ce mai saurin faɗuwa daga lissafi. Amma yunwa ba ta tambaya ko da gangan aka manta da kai.

Ka san irin wannan ikkilisiya, domin irin taka ce. A Maraɗi ko Yamai, a zangon Kumasi ko a Garwa, mutane masu harsuna dabam dabam sukan zauna a benci ɗaya ran Lahadi. Akwai wanda aka haifa a garin, akwai wanda aiki ko kasuwanci ko gudun hijira ya kawo shi. Waƙa ɗaya ake rerawa, gurasa ɗaya ake gutsurawa a Jibin Ubangiji. Sai an zo zaɓen dattawa, ko rabon hatsin taimako, ko zuwa gaisuwar mutuwa, sa'an nan za a san ko ɗaya muke da gaske. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sau da yawa tsagar tana farawa ne daga tiyar gero da ba ta kai wani gida ba.

Yanzu ka lura da abin da manzanni suka yi. Da fari, sun saurara. Ba su tsawata wa masu kuka ba, ba su kuma ce musu su yi shiru don kada sunan ikkilisiya ya ɓaci ba. Shirun da aka tilasta wa mai jin yunwa ba salama ba ne, miki ne da aka rufe da tsumma. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma suna zaune a baki ɗaya. Ikkilisiya mai lafiya ita ce wadda ƙaramin cikinta zai iya kawo kukansa a fili, a kuwa ji shi.

Na biyu, sun kira dukan jama'a, suka sa maganar a gaban kowa. Suka nemi a zaɓo mutum bakwai waɗanda ake shaidarsu da kirki, waɗanda Ruhu ya cika, masu hikima. Ka ga, ba su raina aikin rabon abinci ba. Mai auna hatsi da mai riƙe kuɗin baiko suna bukatar Ruhu Mai Tsarki kamar yadda mai wa'azi yake bukatarsa.

Na uku shi ne abin mamaki. Duba sunayen waɗanda aka zaɓa: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas da Nikolas. Duka bakwai ɗin sunayen Helenanci ne. Nikolas ma ba haifaffen Bayahude ba ne, mutumin Antakiya ne da ya shiga addinin Yahudawa kafin ya gaskata da Almasihu. Wannan yana nuna mana cewa jama'a sun ɗauki mabuɗin rumbu sun danƙa a hannun ɓangaren da ya yi kuka. 'Yan gida ba su ce a yi huɗu da uku ba. Sun yarda baƙi su riƙa auna wa iyayensu mata abinci. Haɗin kai irin na Almasihu yana da tsada, kuma mai ƙarfi ne yake fara biya.

Mene ne sakamakon? Luka ya ce Maganar Allah ta yi ta yaɗuwa, masu bi suka ƙaru ƙwarai a Urushalima, har firistoci masu yawa suka ba da gaskiya. Abin bai tsaya nan ba. Istifanas ya zama na farko da ya ba da ransa saboda shaidar Yesu. Filibus ya kai bishara Samariya, wurin mutanen da Yahudawa ba sa cuɗanya da su, shi ne kuma ya yi wa ma'ajin sarauniyar Habasha baftisma a hanyar Gaza. Waɗanda tsanani ya warwatsa bayan mutuwar Istifanas sun kai har Antakiya, inda mutanen Kubrus da na Kurane suka yi wa al'ummai wa'azi. Kurane tana cikin ƙasar Libiya ta yau. A Antakiya ne aka fara kiran masu bi Kirista. Da aka yi annabcin babbar yunwa, wadda ta auku a zamanin Kalaudiyas Sarkin Roma, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Ka gani? Kwanon da aka cika wa baƙuwa a Urushalima ya komo musu a cike ranar da su ma suka bukata.

Wannan shi ne abin da Ubangiji ya roƙa a daren da aka bashe shi. Ya yi addu'a domin almajiransa, da kuma dukan waɗanda za su gaskata ta wurin shaidarsu, har da ni da kai. Ya roƙi Uba mu zama ɗaya, ya kuma faɗi dalili: ta haka ne duniya za ta gane Uba ne ya aiko shi. Maƙwabcinka da bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba yana karanta zamanku. Ya san ranar da ikkilisiyarku ta rabu a kan fili ko kuɗi. Ya kuma san ranar da ya ga mutanen kabilu biyar suna ɗauke da gawar wani baƙo da ba shi da kowa a garin.

'Yan'uwa na Nijar ba za su manta da ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 ba, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Wutar ba ta tsaya ta karanta allon ƙofa ba. Ta ci na Katolika, ta ci na sauran ɗariku. In wahala ba ta bambanta mu, don me mu za mu bambanta kanmu a lokacin sauƙi? Kada mu jira sai wuta ta koya mana abin da gicciye ya riga ya koya mana. Jini ɗaya ne ya fanshe mu.

To, ɗan'uwana, 'yar'uwata, bari maganar ta zo gida. Wace ce gwauruwar da ake tsallakewa a ikkilisiyarku? Wataƙila matar nan ce da ba ta jin harshen da ake wa'azi da shi sosai, tana zama a baya, tana fita kafin a gama gaisuwa. Wataƙila saurayin nan ne da danginsa suka juya masa baya saboda bangaskiyarsa, ranar Kirsimeti ba shi da gidan zuwa. In kai dattijo ne, ka buɗe littafin taimako ka duba sunayen, ka ga ko duk daga unguwa ɗaya suke. In ke shugaba ce a zumuntar mata, ki ƙirga gidajen da kuka ziyarta bana, ki tuna da waɗanda ba ku taka ba. In kuwa kai ne aka manta da kai, kada ka kai kukanka kasuwa, kada kuma ka ɗauke ƙafa a ɓoye. Ka je wurin shugabanni ka faɗa da tawali'u. Kukan da aka kai inda ya dace shi ne ya ba ikkilisiya Istifanas da Filibus.

Zumunta a ƙafa take. A wannan mako ka taka zuwa gidan mai bi guda wanda ba harshenku ɗaya ba, ka ci abincinsa, ka tambayi damuwarsa, ku durƙusa tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, aikin bishara a ƙasashenmu kuwa ya fi jinka nauyi.

Mu yi addu'a: Ya Uba na sama, mun gode maka da ka tara mu daga kabilu da harsuna masu yawa, ka mai da mu iyali ɗaya cikin Ɗanka. Ka buɗe idanunmu mu ga wanda muke tsallakewa. Ka ba shugabanninmu kunnen saurare da hannun adalci. Ka cire son kai da kabilanci daga zukatanmu, domin maƙwabtanmu su ga ƙaunarka a zamanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.