Baƙo a Nima

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:16-23

Ka taɓa jin tsoron wata unguwa wadda ƙafarka ba ta taɓa taka ba? Wa ya ba ka wannan tsoro, kuma ka tambaye shi ko shi ya taɓa zuwa?

Na je wani taron fastoci a Accra, babban birnin Gana. Ranar Laraba aka ba mu hutu, sai na ce wa mai masaukina ina so in ga Nima. Ya girgiza kai. Ya ce wurin cunkoso ne, akwai 'yan sane, kuma ni fasto ne, me zan nema a zango? Na tambaye shi yaushe rabonsa da can. Ashe a mota kawai yake wucewa.

Na shiga ƙaramar bas ɗin da suke kira torotoro, na sauka a bakin kasuwar Nima, ni kaɗai. Ba zan ɓoye maka ba, hannuna yana kan aljihu. Ranar kasuwa ce, ga buhunan albasa, ga wake, ga gero, ga mata masu ɗaukar kaya a manyan kwanoni suna neman hanya. Ban yi nisa ba na ji wata tana cewa, "Kawo canji na!" Hausa, ɗan'uwana, a bakin teku. Hausarsu ba ta damu da namiji ko mace ba, za ka ji an ce wa tsohuwa "ya zo", har na yi dariya a zuci. Amma Hausa ce.

Na bar babban titi na shiga lungu, daga lungu zuwa lungu, har na ɓace sarai. Kowace kwana kamar wadda na bari. Na kai rabin sa'a ina yawo domin girman kai ya hana ni tambaya, ko da yake tun ina yaro na san matambayi ba ya ɓata. A ƙarshe na yi sallama ga wani dattijo a kan benci kusa da masallaci.

"Baba, ina hanyar Maamobi?"

"Ɗana, daga ina?"

Na ce daga Kaduna. Ya tambayi aikina. Na yi jinkiri kaɗan, sa'an nan na ce ni fasto ne. Ya ce, "To, Fasto, zauna ka sha koko tukuna." Ya aiki jikansa ya sayo koko da ƙosai, ya ƙi karɓar kuɗina. Ya ce kakansa Bakatsine ne, fataucin goro ya kawo shi. Daga nan yaron ya raka ni har muka ƙetare babban magudanar ruwan da ke tsakanin unguwannin biyu, ya nuna mini titi, ya koma.

Ka san ma'anar zango: wurin da fatake suke sauke kaya su kwana. Baƙi ne suka kafa waɗannan unguwanni, kuma sun ɗanɗana abin da ake yi wa baƙo. A 1969 gwamnatin Busia ta umarci baƙin da ba su da takardu su bar Gana, mutanen zango da yawa suka tafi suka bar gidajensu. A 1983 mu ma a Najeriya muka kori 'yan Gana, har yau jakar nan mai layi-layi tana ɗauke da sunan wannan kora. Dattijon ya san duk wannan. Duk da haka ya ba ɗan Najeriya wurin zama.

Manzo Bulus ma ya zaga Atina shi kaɗai sa'ad da yake jiran Sila da Timoti. Abin da ya gani ya dame shi ƙwarai, Littafi Mai Tsarki bai ɓoye ba. Amma ka lura, bai yi magana a kan mutanen ba sai da ya bi titunansu, ya shiga kasuwarsu, ya karanta abin da suka rubuta a kan bagadinsu. Mu kuwa mukan yanke wa unguwa hukunci daga tagar mota, mu ba 'ya'yanmu wannan hukunci gādo. A ganina wannan ba ya nesa da shaidar zur a kan maƙwabci, ko da ba a gaban alƙali aka yi ta ba.

Ban ce babu ɓarayi a Nima ba, ban kuma ce ka shiga ko'ina da dare ba. Hankali baiwa ce daga Allah. Amma mai masaukina ya faɗa mini 'yan sane, bai faɗa mini dattijon ba, gama bai san da shi ba.

Abin da ya fi damuna ya zo ne a jirgi, ina komowa. Tun rikicin shekara ta 2000 garinmu Kaduna ya rabu, yawancin Kirista a kudancin kogi, yawancin Musulmi a arewa. A Tudun Wada aka haife ni. Na iya ƙetare ƙasashe na yi yawo a lungunan Nima, amma na fi shekara ashirin ban taka layin da aka binne cibiyata ba. Na gaya wa matata ranar Asabar zan je, da ƙafa daga bakin kasuwa. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce in duba mata ko tsohuwar nan mai ƙosai ta kusa da famfo tana da rai.